Zancen Gida: A Duba Baya Kafin A Biya

Uwargida, in kin shiga kantin kayan lantarki, kada ƙyallin kaya ya ruɗe ki. Ki juya abin, ki karanta lambar da ke bayansa. Ƙarfin wutar Nijeriya 230 ne, na Amurka 120, na Japan kuwa 100. Wata maƙwabciyata ta kwashi adashenta na wata shida, ta sayo injin markaɗe ɗan Amurka. Tana jona shi, sai hayaƙi. Ga shi ba ta karɓi rasit ba, mai kanti ya ce bai san zancen ba.

Saboda haka, ki nemi mai lamba 220-240. A gwada shi a gabanki, a ba ki rasit da takardar garanti. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.