Darasi Daga Konni: Izinin Kotu Bai Wanke Zalunci Ba

Idan aka yi wa mace jina-jina a ɗakin aurenta, ko aka farfasa wa yaro baya da bulala, abin da ya fi saurin fitowa daga bakin mutanenmu shi ne: "To, me ta yi masa?" Kaɗan ne ke tambayar wanda ya ba mai dukan izini. A Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan Arewa, amsar a shirye take: ai matarsa ce, ai ɗansa ne, ai almajirinsa ne. Da an faɗi haka sai bakin kowa ya mutu, maƙwabci ya ja ƙofarsa, mai unguwa ya ce a je a yi haƙuri.

Shin akwai inda doka ta yarda a cutar da mutum? Gaskiya akwai ciwon da doka ba ta hukunta wanda ya jawo shi. Likita yana tsaga ciki da yardar majiyyaci. Wanda ɗan fashi ya auka wa yana da damar kare kansa daidai gwargwadon barazanar. 'Yan dambe biyu sukan shiga fili kowa da son ransa. Alƙali yana yanke hukunci bayan ya saurari kowane ɓangare. A duk waɗannan akwai yarda, ko larura, ko shari'ar da aka yi a bainar jama'a, kuma kowanne yana da iyaka. Matsalar tana farawa ne inda doka ta damƙa mai rauni a hannun mai ƙarfi, ta ce shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartarwa.

Irin wannan damar ta daɗe a rubuce a ƙasarmu. Kundin Final Kod da ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960, wanda jihohin da aka ƙirƙiro daga baya suka gada, yana da sashe na 55. Sashen ya ce ba laifi ba ne uba ya ladabtar da ɗansa, malami ɗalibinsa, ubangida yaronsa, miji kuma matarsa idan al'adarsu ta yarda da haka, muddin abin bai kai ga mummunan rauni ba. Da ka duba abin da kundin ya kira mummunan rauni sai jikinka ya yi sanyi: makanta, kurumta, karyewar ƙashi ko haƙori, nakasa fuska, ko ciwon da zai hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ke nan macen da ta kwanta mako biyu tana gasa jikinta da ruwan zafi, mijinta yana iya fakewa da wannan sashe. Shi kansa kundin an ɗauko tsarinsa ne daga na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga wanda Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860.

Domin mu ga inda irin wannan tunani ke kai al'umma, ba sai mun je nesa ba. Mu tsallaka iyakar Illela mu shiga Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar, garin da harshenmu ɗaya da su, addininmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya.

A 1996 aka sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadijatou Mani, a kan jaka 240 na kuɗin sefa. Wanda ya saye ta magidanci ne mai mata huɗu, ya ajiye ta a matsayin wahaya, wato mace ta biyar da babu sadaki babu ɗaurin aure a kanta. Kusan shekara tara tana aikin gida da na gona, tana shan duka, yana kwana da ita ba da yardarta ba, har ta haifa masa 'ya'ya. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mayar da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta tun 1991, ta shiga ƙauyuka tana faɗakarwa. Da maigidan ya ga iska ta juya, sai a watan Agustan 2005 ya ba ta takardar 'yanci. Da ta ɗauki ƙullin kayanta za ta tafi, sai ya tare ƙofa ya ce ina, ai yanzu matarsa ce.

Daga nan ne darasin yake farawa. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Konni ta ce babu aure tsakaninsu, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, kuma ba a nemi yardarta ba. Bayan wata uku babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci, ta ce a al'ada baiwar da aka 'yanta matar ubangidanta ce. Kotun ƙoli a Yamai ta karɓi shari'ar, ta tsaya kan kurakuran tsari, ta mayar da ita baya ba tare da ta ce uffan kan bautar ba. Ana cikin haka Hadijatou ta auri wanda take so. Tsohon ubangidan ya kai ƙara, kuma a watan Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, ita da ɗan'uwanta da sabon mijin. Ta yi wata biyu a kurkuku, wanda ya saye ta kuwa yana kwance a gidansa.

Ba ta karaya ba. Da taimakon Timidria da lauyoyi ta kai ƙasarta ƙara gaban Kotun ECOWAS, wadda mazauninta yake Abuja. Alƙalan suka tashi takanas suka zauna a Yamai, suka saurare ta da bakinta. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka yanke cewa an bautar da ita, suka umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ba ta sayi kowa ba, ba ta doki kowa ba. Laifin da aka kama ta da shi shi ne alƙalanta da jami'anta sun ji labarin bauta da kunnensu suka kau da kai. Sai a 2019 babbar kotun ƙasar ta wanke Hadijatou daga laifin auren, ta kuma tabbatar da cewa riƙon wahaya haramun ne a doka.

Abu na farko da za mu koya shi ne, hatimin kotu ba ya mayar da zalunci adalci. Abin da aka yi wa wannan baiwar Allah a 1996 zalunci ne tun ran da aka ƙirga kuɗin, zalunci ne ran da babbar kotun Konni ta sa masa hannu. Hukuncin 2008 bai canza komai daga abin da ya faru ba, ya dai kira shi da sunansa. Haka duk macen da aka mara a ƙarƙashin inuwar sashe na 55 an zalunce ta, ko da ɗan sanda ya ce mata wannan maganar cikin gida ce.

Na biyu, rubuta doka daban, aikinta daban. Nijar ta haramta bauta a 2003, amma bayan shekara huɗu wadda aka bautar ce a kurkuku. Mu ma muna da namu rubutun. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam da bautar da shi. A 2015 aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga wanda ya doki abokin aurensa, kuma Jihar Kebbi ta yi tata a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Duk da haka, mace nawa a ƙauyukan Kalgo ta san da wannan doka? Mai unguwa nawa aka taɓa zaunar da shi aka karanta masa ita da Hausa?

Na uku, shirun na kusa shi ne abincin zalunci. Ba mu manta da watan Agustan 2020 ba, lokacin da aka fito da wani yaro maraya a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, bayan ya yi kusan shekara biyu ɗaure a turken dabbobi a gidan mahaifinsa, ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Gidan nan ba a daji yake ba. Haka a 2019, da aka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu domin a gyara musu hali.

Wani zai ce wannan magana ce ta Turawa, mu muna da addininmu. To addinin ne ma ya fi tsananta a kai. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke bi, macen da mijinta ke cutarwa tana da haƙƙin alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, kuma ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta wajen tabbatar da cutarwar. Ashe malamanmu tun tuni sun ɗora wa maƙwabci nauyin magana. A Gwandu ne Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, marubucin Liya'ul Hukkami, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana gargaɗin masu iko kan tsayar da adalci da ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa. Bai dace a ce a ƙasarsa ne kukan yarinya 'yar aiki zai tsallaka katanga kowane dare a rasa mai ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Tarbiyya wajibi ce, babu mai musun wannan. Amma horon da ya bar tabo, ko ya hana abinci, ko ya sa ɗaurin ƙafa, ya fita daga tarbiyya ya zama laifi, ko wane ne ya aikata shi.

Saboda haka kira nake ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na Gwandu da Kalgo: idan aka kawo muku mace da kumburarren ido, kada kalmar haƙuri ta zama farkon magana kuma ƙarshenta. A kai ta asibiti, a rubuta abin da aka gani, a kira mijin a gaban shaidu, in abin ya maimaitu a miƙa shi ga hukuma. Limamai su ware huɗuba kan haƙƙin mata da marayu da yaran da aka ba mu amana. Alƙalai da 'yan sanda su tuna cewa kau da kai ne laifin da aka kama hukumomin Nijar da shi. 'Yan majalisarmu su tabbatar babu sauran wata kafa a dokokin jihar da mai duka zai laɓe a bayanta.

Kai kuma mai karatu, in kana jin kuka daga gidan maƙwabcinka, ka zama shaida ke nan, kuma za a tambaye ka. Tashi ka yi sallama a ƙofar, in abin ya fi ƙarfinka ka kai magana gaba.