Lambun Gayya: Kira Ga Mutanen Jega Da Aliero Da Maiyama

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Yawuri a watan Maris, ba ya bukatar a gaya masa ya iso ƙasar albasa. Tun daga Aliero har ya wuce Jega ya doshi Maiyama, buhuna ne jibge a bakin hanya, ga manyan motoci ana yi musu lodi za su nufi Kudu da ma ƙasashen maƙwabta. Wannan abin alfahari ne ga Jihar Kebbi baki ɗaya. Amma in mutumin nan ya komo a watan Nuwamba ya leƙa tukunyar ƙaramin ma'aikaci, ko ta makarantar kwana, zai tarar albasar nan ta gagari masu ita, balle a yi maganar tumatir da tattasai.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Manomin rani don kasuwa yake yi, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin kuwa ya ci bashin taki da iri, ga kuɗin man injin ban ruwa wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Da an cire albasa sai ya sayar da ita da araha don ya biya bashi, wadda aka ajiye a rudu kuwa zafi da danshi su lalata kaso mai yawa kafin damina ta wuce. Sa'an nan malamin makaranta da akawu da ɗalibi, waɗanda ba su da ko taki ɗaya a fadama, su ne ke biyan tsadar a ƙarshen shekara.

Shawarata ita ce kowace makaranta da kowace unguwar ma'aikata a garuruwan nan uku ta buɗe lambu na haɗin gwiwa, a noma shi da gayya, a raba amfaninsa bisa ƙa'ida. Na san dattawa za su ce ai an taɓa yi. Gaskiya ne. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umurci makarantu da ma'aikata su yi noma a duk filin da suka samu, kana a 1980 Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma. To, ina lambunan suke yau? A ganina abu biyu ne suka kashe su. Na ɗaya, an shuka ba a tanadi ruwan rani da shingen tare awaki ba. Na biyu kuwa, wanda ya fi muni, ba a tsai da yadda za a yi rabo ba. Yaron da ya yi wata uku yana ban ruwa, ya ga an kwashi kabeji an nufi gidan babba da shi, ba zai sake ɗaukar bokiti da zuciya ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba ta taɓa raya wata gayya ba.

Saboda haka tilas a fara da rabo tun kafin a kama fartanya. A rubuta sunan duk wanda zai shiga, da ranakun da ban ruwa ya faɗo kansa, a kafe takardar inda kowa zai gani. In amfani ya nuna, a kasa shi uku a bainar jama'a: kashi ɗaya na waɗanda suka yi aiki gwargwadon wahalarsu, ɗaya a sayar a ajiye kuɗin don iri da gyaran shinge da injin ruwa, na ukun kuwa a kai wa marayu da tsofaffi da majinyata na unguwa. Shugaban makaranta ko na ofis, in bai yi ban ruwa ba, ya sa hannu a aljihu ya saya kamar kowa.

Sai kuma a bi yanayin ƙasarmu, a daina kwaikwayon littattafan da aka rubuta don ƙasashen sanyi. Da damina tumatir ba ya jure ruwa da cuta, amma kuɓewa da alayyafo da rama da yakuwa da kabewa suna yi sosai. Da hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin albasa ne da tumatir da karas da latas da kabeji. In bazara ta kawo jiki, a dogara ga zogale da aka dasa a jikin shinge, da kuma abin da aka shanya aka adana, kamar kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa, yadda iyayenmu mata suka saba tun kaka da kakanni.

Ba mu rasa masana ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega, kusa da Gulbin Zamfara. Me zai hana ɗalibanta na fannin aikin gona kowane rukuni ya ɗauki lambun makarantar firamare ɗaya, ya koya wa yara renon iri da haɗa takin gargajiya? Ƙananan Hukumomin nan uku kuma abin da ake nema gare su bai taka kara ya karya ba: fili, da rijiya, da shinge. Manoman Aliero, waɗanda suka gaji sana'ar nan, na tabbata ba za su hana maƙwabtansu dashen albasa da shawara ba in an je musu cikin ladabi.

Jama'a, albashi ba zai riski farashin kayan miya ba ko ana ƙara shi kowace shekara. Wanda ke zaune a bakin gulbi bai kamata ya yi taimama ba. Kafin ruwan bana ya ɗauke, ya kamata kowane shugaban makaranta da kowane mai unguwa ya tara mutanensa, a nuna fili, a rubuta ƙa'idar rabo, a kafa shinge. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga rani lafiya, amin.