Sabuwar Mota: Yaushe Za A Yi Mata Juyen Farko?

Duk lokacin da Allah ya hore wa ɗayanmu mota a nan Abuja, bayan an gama "Allah ya sanya alheri, ya tsare", muhawarar da ke biyo baya ita ce ta baƙin mai. Wani ya ce da ta ci kilomita 1,000 a zubar da man da ta zo da shi. Wani ya ce asarar kuɗi ce kawai, motocin yanzu sun wuce nan. Mu a ganinmu, kafin a amsa sai an fara tambayar mai motar: sabuwa a wajen wa?

Gaskiya ita ce yawancinmu idan muka ce mun yi sabuwar mota, 'yar Beljiyam muke nufi. A hannunmu ne take sabuwa, amma wani ya riga ya more ta a Amurka ko Kanada ko Turai. Wadda ta zo dal a leda daga kamfani, sai ɗaiɗaiku, ko kuma motar ofis. Hukuncinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Mu fara da ta leda, don maganarta ba ta da tsawo. Al'adar juye a kilomita 1,000 mun gaje ta ne daga zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, lokacin da sabon inji kan zubar da ɓurɓushin ƙarfe cikin mai yayin da kayan cikinsa ke gogar juna har su zauna. Iyayenmu sun yi daidai a zamaninsu. Yanzu ana ƙera inji da laushin da ya fi na da nesa ba kusa ba, shi ya sa littafin motoci da yawa bai ce a yi juyen wuri ba. Abin da littafin Toyota ya fi nanatawa a kilomita 1,000 na farko shi ne tuƙi: kar a yi gudun wuce kima, kar a riƙa fizgar mota, kar a daɗe a kan gudu ɗaya. Akwai ma littattafan Honda da suka ce a bar man farko har lokacinsa ya cika. Saboda haka mai mota ta leda ya buɗe littafinsa da takardar garanti, ya bi abin da suka ce. Idan kamfanin da ya sayar masa ya ce a dawo da ita a kilomita 1,000, ya mayar, a buga masa hatimi. Wanda ya kai ta wajen makanikensa na unguwa don sabo, ranar da inji ya samu matsala zai sha bayani kafin a karɓi garantinsa.

'Yar Beljiyam kuwa, ra'ayinmu a kanta ba ya da kwana-kwana: a yi mata juye a makon da ta shigo hannu, kafin a fara yawon nuna wa dangi. Ka duba hanyar da ta biyo. Da yawa daga cikinsu a wajen gwanjo aka saye su, inda mota kan yi watanni a ajiye. Ta yi makonni a teku, ta jira kwastan a tashar Legas, sannan aka ɗoro ta a tirela ko direba ya taso ta ta Lokoja, tafiyar da ta haura kilomita 700. Ta zo ta sake zama a filin dila, rana na dukanta. Ba wanda zai rantse maka yaushe aka zuba man da ke cikinta, ko wane iri ne. Dila zai zaro ma'aunin mai ya nuna maka, ya ce "Alhaji, duba, garau yake". Launi ba ya faɗin shekarun mai. Lambar da ke mita ma, mun san akwai masu mayar da ita baya.

Bara wani ɗan uwanmu ya sayi mota ana saura kwana huɗu Sallah. Ya ce bari ya kai iyali gida Kano tukuna, in ya dawo a yi sabis. Ba su kai Kaduna ba fitilar mai ta kama, inji ya fara ƙara, daga nan ya buga. Da mata da yara a gefen titi, kan hanyar da kowa ya san ba a son tsayawa. Kuɗin injin da ya saya daga baya ya isa juyen shekaru.

Bayan juyen farko sai maganar tazara, kuma a nan ne ake ruɗewa. Toyota a Amurka ta ce motocin da ke shan mai samfurin 0W-20 za su iya kai mil 10,000 ko shekara ɗaya. Mutane suna riƙe wannan, su manta da sharaɗin da ke ƙasansa: idan ana bin hanya mai ƙura, ko mota na daɗewa a kunne ba ta tafiya, a koma mil 5,000 ko wata shida, wato kusan kilomita 8,000. To wanne ne ba namu ba? Mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya da safe ya san awa nawa yake yi kafin ya kai AYA, inji na aiki, mita ba ta motsi. Mazauna Kubwa, Lugbe da Dei-Dei, da an sauka daga babban titi sai jar ƙasa. Ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga zafin Maris. Abin da Bature ya kira yanayi mai tsanani, mu shi ne Litinin ɗinmu. A kula kuma, mitar motar Amurka mil take ƙirgawa. Idan makanike ya ce ka dawo bayan 5,000, tambaye shi na me, don mil 5,000 da kilomita 5,000 akwai tazarar kilomita 3,000 a tsakaninsu.

Sai irin man da za a zuba. Muna girmama ustazan Apo da Kugbo, da su muke rayuwa, amma akwai maganar da ta zama kamar karatu a bakin wasunsu: wai zafin Najeriya sai mai kauri, a zuba 20W-50. Wannan ya dace da tsohuwar 504 ko injin da ya gaji. Injin zamani hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri ba ya saurin isa sama idan an tayar da safe. Lambar da ake so tana rubuce a murfin wajen zuba mai ko a littafi. In an rubuta 5W-30, shi za a nema.

Mun san tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na mota ya yi tsada, kuma jarkar mai mai kyau tana taɓa aljihu. Nan ne jabu yake samun kasuwa. Hukumar SON ta sha kama gurɓataccen baƙin mai, wani ma tsohon da aka zubar ne aka tace aka sake ɗurawa. Ka sayi naka da kanka a gidan mai ko shagon da ka yarda da shi, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a buɗe a gabanka. A canza filtar mai tare, don barin tsohuwa kamar wanka ne a mayar da riga mai datti. A duba filtar iska ma, musamman bayan hunturu. In an gama, a tayar da mota minti biyu, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sannan ka rubuta ranar da lambar mita a takarda ka ajiye a aljihun mota.

Masu shirin tafiya gida da motar da suka saya kwanan nan, a yi juyen da saura aƙalla mako guda, a ɗan zaga da ita cikin gari a ga halinta. Ranar jajibiri garejin Apo cike yake, kuma yaran shago sauri suke yi.