Da ruwan kwata ake shayar da latas ɗin da muke ci

Duk wanda ya bi ta Kwakwaci a Kano da rani ya ga fadamun latas da kabeji da karas a bakin rafin Jakara, ya kuma ji warin ruwan da ake ja da inji ana ba su. Ruwan nan ya ratso tsakiyar birni, ya kwaso ƙazantar kwatoci da ta masai da jinin mayanka, can gaba kuma rafin Getsi ya juye masa dagwalon masana'antun Bompai. Washegari ganyen yana kasuwa. Da azahar yana kan shinkafa da wake, ɗanye, a gaban yara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ake ɗora wa laifi. Yaro ya kwanta da amai da gudawa, nan take a juya kan uwarsa: "Ai ba ta wanke da kyau ba." Da me za ta wanke? Da ruwan ɗan garuwa da ita ma ba ta san inda aka ɗebo shi ba? Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella suna maƙalewa a lungunan ganye. Wanki yana rage su, ba ya ƙarar da su, gishirin da muka dogara da shi ma haka. Ga mai sayarwa kuma, bokiti ɗaya yake tsoma kaya a ciki tun safe har magariba, domin ba a ba kasuwar famfo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,500 a Najeriya, Arewa ce ta fi jin jiki, kuma ta ruwa da abincin da kashi ya taɓa take shiga mutum. Aka yi jana'iza, aka yi ta'aziyya, injinan suka ci gaba da jan ruwa.

A 2011 E. coli ta kashe sama da mutum 50, akasari a Jamus. Masu bincike suka bi sawu har suka gano tsiron hulba ne, wanda irinsa ya fito daga Masar, aka hana shigo da shi. Mu wa ya taɓa bin sawun gudawar ɗan talaka zuwa gona?

Manomin bakin rafi yana neman abin da zai ciyar da iyalinsa ne, kuma ƙafarsa ce a cikin ruwan kullum. Korarsa zalunci ne. A haƙa masa rijiyoyin burtsatse, a koya masa tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin ya cire ganye, domin rana tana kashe da yawa daga cikin ƙwayoyin. A kai famfo kasuwannin kayan gwari. A dawo da duba-gari na gaske, masu shiga fadama da kasuwa.

Kafin a yi haka, uwargida, ki zubar da ganyen waje, ki wanke sauran ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, kada ki yanka salak da wuƙar da ta yanka ɗanyen nama. Ƙananan yara da mai ciki da tsoho kuwa, a dafa musu. Ku kuma shugabanni, kuɗin rijiyoyin nan yana hannunku, ku sa su a kasafin bana.