Kumbo uku, matsala ɗaya: Na'urar leza da ke hana sauka lafiya a duniyar wata

Cikin ƙasa da watanni 16, daga Fabrairun 2024 zuwa Yunin 2025, kumbo uku na kamfanoni masu zaman kansu sun isa duniyar wata kalau, amma saukar ta ba su ruwa. Ɗaya ya karkace, ɗaya ya kwanta a gefe, na ukun ya tarwatse. Dukkansu kuwa a wuri ɗaya suka samu cikas, wato 'yar na'urar da ke auna nisa da hasken leza.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Tana harba haske zuwa ƙasa, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan kwamfutar kumbon ta san saura mita nawa. Can babu GPS, babu iskar da lema za ta buɗe, kuma saƙo daga nan yana cin sama da daƙiƙa ɗaya kafin ya isa. Ka ga ke nan ba wanda zai zauna a Houston yana tuƙa shi. Idan na'urar ta yi shiru, kumbon ya zama makaho yana gudu.

Labarin Odysseus na kamfanin Intuitive Machines na Amurka ya fi ban takaici. An kulle lezarsa a ƙasa don kada ta lalata idon ma'aikata, sai aka manta ba a buɗe ba har aka harba shi. Mantuwa fa! Sai da ya rage sa'o'i kaɗan a sauka aka gano. Injiniyoyi suka yi sauri suka sauya manhaja don ya ari wata lezar gwaji ta NASA da yake ɗauke da ita, amma daga baya kamfanin ya amsa cewa bayanan nata ba su shiga kwamfutar yadda ake so ba. Ya daki ƙasa da ƙarfi ranar 22 ga Fabrairu, ƙafa ta karye. Wani abin lura ga masu karantar aikin jarida irinmu: sanarwar farko ta ce kumbon yana tsaye, kafafen yaɗa labarai suka kwasa, washegari aka gyara magana.

Athena, ƙanin Odysseus, ya faɗa rami kusa da kudancin wata ranar 6 ga Maris, 2025, bayan lezarsa ta riƙa ba da alƙaluma masu ruɗani. Batirinsa ya mutu cikin kwana ɗaya. Resilience na kamfanin ispace na Japan kuma lezarsa ta makara wajen ba da awo, bai rage gudu a kan lokaci ba.

Wasu za su ce to ai lezar ce ba ta da amana. Ni ban yarda ba. Chandrayaan-3 na Indiya da ita ya yi aiki ya sauka lafiya a Agustan 2023, sai dai bayan faɗuwar Chandrayaan-2 a 2019 an haɗa masa na'urori iri-iri, leza da rada da kyamarori, idan wannan ta gaza waccan ta riƙe. A ganina tsarin kwangilar ne ya kamata a duba. NASA tana biyan kamfanoni kuɗi ƙayyadadde, kamar kusan dala miliyan 118 da aka biya kan Odysseus, ta kuma yarda tun farko cewa wasu za su faɗi. Kamfanin da ke lissafin riba kuwa, gwajin ƙasa da na'urar ko-ta-kwana ne abin da zai fara ragewa.

Kayan bincike ne suka salwanta zuwa yanzu, ba rai ba. Amma shirin Artemis mutane zai sauke a kudancin nan, inda rana ke kwance a gefen sama, inuwa ta yi tsawo har ta rikita kyamara. A irin wannan wuri dole a dogara da leza fiye da ko'ina. Intuitive Machines ya ce kumbonsa na uku zai tafi da na'urorin auna nisa fiye da iri ɗaya, kuma NASA ta riga ta ba shi kwangilar na huɗu, wanda kudancin zai sake nufa.