Malamin ɗakin shan magani na bukatar wanda zai tambaya

Tun daga shekara ta 2001, zamanin shugaba Mamadu Tanja, gwamnatin Nijar ta gina ɗakunan shan magani masu yawa a ƙauyuka. A shekara ta 2006 kuma aka yanke cewa a riƙa yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. Mun yi murna, domin magani ya matso kusa da gonakinmu. Amma ba mu cika tunawa da mutumin da ke aiki cikin ɗakin ba.

Sau da yawa shi kaɗai ne, kuma horonsa na watanni ne. Manyan likitoci kuwa yawancinsu suna Yamai, a Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Lamorde, da gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa kuwa ya wuce 1,300. To, idan cikin daren damina aka kawo masa yaro yana sanƙarewa saboda zazzaɓin cizon sauro, ko mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ga ruwa ya yanke hanya, wa zai tambaya?

A da, in za a ƙara masa ilimi sai a kira shi birni. Ya rufe ɗakin ya tafi, masu ciwo su yi ta jira. Yau akwai wata hanya, wato koyarwa daga nesa. Likita yana zaune a Yamai ko a babban asibitin gunduma, malamin yana ƙauyensa, suna magana ta salula ko ta intanet. Malamin ya faɗi abin da ya gani: zafin jikin yaro, yadda yake numfashi, launin da awon damtsensa ya nuna. Likita ya gaya masa abin da zai fara yi, da lokacin da ya wajaba a tura mai ciwo gaba. Gobe in irin ciwon ya sake zuwa, malamin ya riga ya san kansa.

An daɗe da gwada wannan. A shekara ta 2001 likitocin Mali da na asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis suka fara wani shiri mai suna RAFT, inda ake ba ma'aikatan lafiya darasi ta intanet. Daga baya Nijar ta shiga cikinsa. A ganinmu, irin wannan ilimi bai kamata ya tsaya a manyan asibitoci ba. Wanda ya fi bukatarsa yana ƙauye.

Don haka muna kira ga hukumomin kiwon lafiya su ware wa kowane malami likitan da zai riƙa bin aikinsa, da ranar darasi a kowane mako, da lambar da in an kira cikin dare za a ɗauka. Kwamitin lafiya na gari kuma ya yi ƙoƙarin samar da faifan hasken rana don cajin salula, da kuɗin kira. Yadda muke haɗa hatsi a bankin cimaka, haka za mu iya haɗa wannan.

Sai dai mu sani, salula ba ta ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, ba ta ƙara wa kowa jini. Motar ɗaukar marasa lafiya da magani a ɗaki suna nan a matsayinsu. Haka kuma asirin mai ciwo amana ne. Kada a tura hotonsa ko sunansa sai da yardarsa.

Saura namu aikin. Wasunmu in sun ga malami ya ɗauko salula yana tambaya, sai su ce bai iya aiki ba. Wannan kuskure ne babba, domin in muka kunyata shi zai daina tambaya, ya koma ba da magani da ka, kuma ƴaƴanmu ne za su cutu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu ma in tsutsa ta faɗa wa geronmu, malamin gona muke nema. In malamin ɗakinmu ya ce bari ya kira likita, mu ba shi lokaci, mu amsa tambayoyinsa da gaskiya, in kuma ya ce a tafi gaba, mu ɗaura amalanke ba tare da gardama ba.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.