Daga Rumfar Shadda: Abin da Ƙanƙara Ta Ci Mana a Ostiriya

 

Kowa a cikinmu ya san shaddar Getzner, amma ba kowa ya san garin da ake saƙa ta ba. Sunansa Bludenz, a jihar Vorarlberg da ke yammacin Ostiriya, kusa da iyakar Suwizalan, kuma tun 1818 aka kafa kamfanin. Ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsu, inda kwari biyar suka haɗu. Mu zane ke kai mu. Turawa kuwa idan hunturu ya yi, zamiya a kan ƙanƙara ke kawo su.

Bara a watan Janairu na je sarin kayan Sallah daga Kumasi, na tafi da ɗan ƙanwata mai shekara 24 da nake koya wa harka. Ranar Lahadi a can kantuna a rufe suke. Muna shan shayi sai ya ce, "Kawu, mu zo har nan mu koma ba mu hau dutse ba? Ai sai a yi mana dariya a zango." Muka shiga bas zuwa Brand, wani ƙauye a kwarin da ke bayan garin, tafiyar da ba ta kai minti 30 ba.

A nan na gane wasan iri biyu ne. Na farko shi ne gangarowa. Kujerun da ke rataye a waya su ɗauke ka zuwa sama, ka sulalo ƙasa a kan dogayen alluna biyu. Takalminsa mai tauri ne, an ɗaure shi a allon gaba da baya. Hanyoyin suna da launi: shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Na biyu shi ne na doguwar tafiya, wanda ake yi a shimfiɗaɗɗen wuri. Allunansa sirara ne marasa nauyi, gaban takalmi kaɗai ke maƙale, diddige yana ɗagawa. Mota ta riga ta zana layi biyu a ƙanƙarar, kai dai ka sa ƙafa a ciki ka riƙa turawa da sanduna kamar mai tuƙa kwale-kwale.

Ni na dubi furfurata na zaɓi na biyu. Na faɗi sau uku, amma faɗuwar mai tafiya ce, ba ta mai gudu ba. Cikin rabin awa na jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba.

Shi kuwa yaron gangarowa yake so. Mai ba da hayar kaya ya ce ya ɗauki malami ko na awa biyu ne. Ba banza ba suke faɗin haka, domin a wannan yankin aka haifi Hannes Schneider, wanda ya buɗe makarantar koyon wasan a St. Anton a 1921. Darasin farko da suke koyarwa shi ne tsayawa: ka haɗa kawunan allunan, ka buɗe bayansu. Sunan da suka ba shi da Jamusanci ma'anarsa garma. Yaro ya ji kuɗin malami ya ce, "Kawu, wanda ya iya babur a Kejetia, wannan ne zai gagare shi?" Ni kuma, a nan laifina yake, na yi dariya na bar shi, don ni ma ƙyashin kuɗin nake.

Ya sauko ta shuɗiyar hanya sau biyu lafiya. Na uku ya bi ja, wayarsa a hannu yana ɗaukar bidiyo. Ma'aikatan ceto ne suka sauko da shi a kwance cikin wani abu kamar kwale-kwale, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Allah ya taimaka yana sanye da hular kwano.

To, ga inda nake so ku saurara. Kowa ya san ba a ba da bizar Shengen sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Mu kuwa mun saba mu sayi mafi araha, mu cusa takardar a fasfo ba mu karanta ba. A tamu an rubuta ƙarara cewa ban da wasannin ƙanƙara. Saukowa daga dutse ma a can kuɗi ne, motar asibiti kuɗi, hoton gwiwa kuɗi. Da a ce jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauko shi, da dubban Yuro ake magana. Daga kuɗin sari na biya, na dawo da kaya ba su cika ba, har da na mutum biyu da suka ba ni sautu. Sai da na je gidajensu da ƙafata na ba da haƙuri.

Amma wallahi duk wannan bai kai nauyin kiran da na yi wa ƙanwata ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ai amana na ba ka." Wata huɗu yaron bai tsaya a rumfa ba, kuma a cikinsu har da kasuwar Sallah.

Ban ce kada ku je ba. Wuri ne mai kyau, yaranmu ma suna da haƙƙin ganin ikon Allah. Sai dai kafin ka hau, karanta takardar inshorarka, in babu wasan ƙanƙara a ciki ka ƙara kuɗi a sa. Ka biya malami. Kada ka bar shuɗiyar hanya a ranar farko, wayar kuma ta zauna a aljihu. In kuwa sa'ana ne kai, ga na doguwar tafiya nan, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ka koma masauki da ƙafarka. Ɗan kasuwa da ƙafa yake cin abinci.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Bana shi ya fara tambayata takardar inshora tun kafin mu sayi tikiti.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.